Hoton Ma'aikaciyar Jinya a Cikin Adabin Yaƙi: Nazarin Littattafai Uku na Mata

1.0 Gabatarwa

Idan aka ambaci adabin yaƙi, abin da yakan fara faɗo mana a rai shi ne kirarin mazaje da waƙoƙin zuga da labarun jaruntaka. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin a yawancin al'ummu wanda ya riƙe takobi shi ake yi wa kirari. Amma kowane yaƙi yana da fage na biyu, watau asibiti, inda ake kwaso abin da fagen farko ya bari. A wannan fage na biyu kuwa mata sun daɗe suna aiki. Malaman sira sun ruwaito cewa Rufaida al-Aslamiyya tana da tanti a masallacin Madina inda take jinyar masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Handak, shekara ta 5 bayan Hijira.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu duba yadda aka zana hoton irin waɗannan mata a rubutun zube na Ingilishi. Za mu fara da hoton da marubuta maza suka zana, sa'an nan mu feɗe littattafai uku waɗanda matan da suka yi aikin da hannunsu suka rubuta: Hospital Sketches na Louisa May Alcott (1863), da The Backwash of War na Ellen La Motte (1916), da Testament of Youth na Vera Brittain (1933). Ma'aunin da za mu auna su da shi guda ɗaya ne. Mai jinya a asibitin soja tana cikin wani hali da takwararta ta asibitin gari ba ta ciki, domin in ta yi nasara a aikinta, majinyacin nata fagen fama za a mayar da shi. Ashe ke nan don wa ake warkar da soja? Muna ganin darajar kowane ɗaya daga cikin littattafan nan ta danganta ne ga yadda ya fuskanci wannan tambaya.

2.0 Hoton da maza suka zana

Tushen hoton ma'aikaciyar jinya a adabin Ingilishi shi ne Florence Nightingale, wadda ta isa asibitin soja na Iskutari, a gefen Istambul, cikin watan Nuwamba 1854 tare da mata 38, a lokacin yaƙin Kirimiya. A watan Fabrairu 1855 jaridar Illustrated London News ta buga zanenta tana zagaya majinyata da fitila a hannu, kuma a 1857 mawaƙin Amurka Longfellow ya tabbatar da wannan siffa a waƙarsa "Santa Filomena". Tun daga nan fitilar ta manne mata.

Abin lura shi ne, fitilar ta rufe mafi yawan aikin da matar ta yi. Ita ce ta yi ta fama da hukumomin soja a kan riguna da wanki da abinci, ita ce kuma ta tattara alkaluma ta fitar a 1858 don ta nuna cewa cututtuka irin su kwalara da atuni da zazzaɓi sun kashe sojojin Ingila fiye da yadda harsashi ya kashe su. Wannan zargi ne mai nauyi a kan hukuma. Amma mawaƙi ya bar mai lissafi da gardama, ya ɗauki mace mai tafiya shiru cikin dare, wadda majinyata ke sumbatar inuwarta. Watau an yabe ta ta yadda ba sai an saurare ta ba.

Siffa ta biyu ita ce ta masoyiya, kuma misalinta mafi shahara shi ne Catherine Barkley a cikin A Farewell to Arms na Ernest Hemingway (1929). Ba mu ce littafin yana zuga yaƙi ba, domin bayanin da ya yi na gudun sojojin Italiya daga Kaforeto a 1917 yana cikin mafi kyawun abin da aka rubuta a kan wargajewar runduna. Amma idan muka bi Catherine cikin asibitin Milan, za mu ga kamar majinyaci ɗaya take da shi, watau tauraron labarin, Frederic Henry. Tana karɓar aikin dare ne don ta kasance tare da shi, tana kuma nanata masa cewa ba ta da wata rayuwa ban da tasa. Sauran majinyata da ƙyar muke ganinsu. Dalilin wannan a fili yake: labarin daga bakin wanda ke kwance a gado yake fitowa, shi kuwa mai ciwo ba ya ganin mai jinya sai lokacin da ta zo kansa. Abin da take yi kafin ta iso gare shi da bayan ta bar shi, ba ya cikin labarin.

Saboda haka siffofin nan biyu, mai fitila da masoyiya, sun yi tarayya a abu guda: a cikinsu ana kallon mace ne, ita ba ta kallon kome. Waƙa kuwa a bakin mai ita ta fi daɗi, don haka sai mu juya ga matan da kansu.

3.0 Alcott da salon raha

Louisa May Alcott tana da shekara 30 lokacin da ta tafi aikin jinya a wani otal da aka mayar asibiti a Jojtawun, kusa da Washinton, cikin watan Disamba 1862, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka. Ba ta daɗe da isa ba aka fara kawo masu rauni daga yaƙin Fredericksburg. Mako shida kawai ta yi, zazzaɓin taifot ya kama ta, mahaifinta ya zo ya tafi da ita gida. Daga wasiƙun da ta aika wa danginta aka tsara littafin, aka fara buga shi kashi kashi a jaridar Commonwealth ta Boston.

Babban abin da Alcott ta yi shi ne ta ajiye fitila ta ɗauki daro. Aikin da aka ba mai ba da labarin, wadda ta laƙaba wa suna Tribulation Periwinkle, shi ne ta wanke sojojin da aka kawo cikin taɓo da jini. An miƙa mata daro da soso da sabulu, aka ce ta fara. A nan ne muke ganin amfanin salon raha da ya mamaye littafin. Budurwa ce 'yar mutunci, a zamanin da ba a saba ganin mace ta taɓa jikin namijin da ba nata ba, ga shi kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Sai marubuciyar ta mayar da kunyarta abin dariya, ta kuma riƙa kiran majinyatan yaranta, tana cuɗa su kamar yadda uwa ke cuɗa ɗanta. Da wannan dabara ta sami damar gaya wa masu karatu na 1863 abubuwan da ba su saba ji daga bakin mace ba: warin ɗakin, da rashin iska, da munin abinci, da likitan da ya fi sha'awar rauni a kan mai raunin.

Kashin bayan littafin shi ne mutuwar John, wani maƙeri daga Bajiniya wanda harsashi ya huda wa huhu. Likita ya bar wa mai jinya nauyin gaya masa cewa ba zai tashi ba. Ta rubuta masa wasiƙa zuwa gida, ta riƙe hannunsa har ya cika, amsar wasiƙar kuma ba ta iso ba sai bayan ya rasu. Wannan babi yana taɓa zuciya ƙwarai, kuma ya nuna wani ɓangare na jinya wanda ba ya cikin littafin koyarwa, watau zama da wanda magani ya gaza a kansa.

Sai dai a nan ne kuma raunin littafin yake. Alcott ta ƙawata John har ya tashi daga mutum ya koma waliyyi: kyakkyawa ne, mai haƙuri, ba ya ƙorafi, ba ya zargin kowa. Dalili shi ne marubuciyar ta yi imani da yaƙin, domin gidansu na masu adawa da cinikin bayi ne, kuma a wurinta jinin John farashin 'yanci ne. Don haka tambayar da muka kafa a gabatarwa ba ta taso mata ba sam. Ta nuna mana aikin da idon gaskiya, amma da ta zo ga ma'anarsa sai ta koma ga yabon da aka saba.

4.0 La Motte da salon gatse

Ellen La Motte ta bambanta da sauran biyun domin ita ƙwararriya ce. Ta gama makarantar koyon jinya ta asibitin Johns Hopkins a 1902, ta kuma yi shekaru tana aikin yaƙi da tarin fuka a birnin Baltimo. A 1915 ta shiga wani asibitin sojan Faransa a ƙasar Beljiyam, 'yan kilomitoci kaɗan daga bakin daga, wanda wata Ba'amurkiya mai suna Mary Borden ta kafa. Littafinta ya ƙunshi gajerun labarai 13.

Labarin farko mai suna "Heroes", watau Jarumai, shi ya ɗauki tambayarmu ya ajiye ta a tsakiyar fili. Wani soja ya kasa jurewa, ya sa bindiga a baki ya harbi kansa, amma bai mutu ba. Aka garzaya da shi asibiti, aka yi masa tiyata, aka kashe magani da bandeji masu tsada a kansa. Nufin duk wannan ɗawainiya shi ne ya warke sosai yadda zai iya tsayawa gaban kotun soja, a yanke masa hukunci, a harbe shi. Mai aikin dare tana zagayawa tana tunani: wannan ana jinyarsa don a jingina shi da bango, sauran kuma ana jinyarsu don a mayar da su ramukan yaƙi, to ina bambancin? Ya kamata mu lura cewa ita ma wannan mata zagayen dare take yi kamar Nightingale ta cikin waƙa. La Motte ta ɗauki tsohon hoton ne ta juya shi, ta ba mai zagayen idanu da tunani.

Salon littafin gatse ne tun daga sunayen labaran. Wanda aka kira nasarar tiyata labarin ɗan wani mai aski ne da ya rasa hannuwa da ƙafafu da idanu da hanci, likitoci suka harhaɗa shi da gaɓoɓin roba da ƙarfe suna alfahari, shi kuwa yana roƙon mahaifinsa ya kashe shi. Wanda aka kira lambar yabo labarin wani soja ne da ya daɗe yana jiran janar ya zo ya maƙala masa lamba, ya mutu jim kaɗan kafin janar ɗin ya iso. Marubuciyar takan ari kalmomin hukuma, irin su jarumi da ƙasar haihuwa da nasara, ta ɗora su a kan gado mai mugunya, ta bar mai karatu ya ga tazarar da ke tsakani. Jimlolinta gajeru ne, ba ta kuka, ba ta wa'azi.

Hukumomi sun fahimci abin da take nufi. An hana littafin yawo a Ingila da Faransa, kuma a 1918, bayan Amurka ta shiga yaƙin, can ma aka danne shi, bai sake fitowa ba sai 1934. Ba ita kaɗai ta gamu da irin wannan ba, domin Enid Bagnold ma an sallame ta daga asibitin soja na Woolwich da littafinta A Diary Without Dates ya fito a 1918. Wannan ya nuna mana cewa hukuma tana maraba da hannun mai jinya, bakinta ne ba ta so.

Duk da haka akwai abin da za a ce a kan La Motte. Gatse kamar gishiri yake, in ya yi yawa sai ya kashe harshe. Majinyatanta kusan duk an nuna su ne ta mummunar fuska: wannan mai kwaɗayi, wancan mai son kai, wancan mai ƙazamin baki. Nufinta ta rushe ƙaryar cewa rauni yana tsarkake mutum, kuma ta rushe ta. Amma a wasu wurare ƙyamar yaƙi takan zarce ta zama kamar ƙyamar mutanen da yaƙin ya ci. Bugu da ƙari, a yawancin labaran marubuciyar ta ɓoye kanta a bayan wata mai jinya marar suna, har ba mu san abin da aikin ya yi wa zuciyarta ba. Ta yi tambayar da babbar murya, amma ba ta nuna mana yadda mutum ke ci gaba da ɗaure rauni bayan ya yi ta ba.

5.0 Brittain da salon marsiyya

Vera Brittain ta bar karatunta a kwalejin Somerville ta Okasfod a 1915 ta shiga ƙungiyar mata 'yan sa kai masu taimakon nas-nas. Ta yi aiki a Landan da tsibirin Malta, sa'an nan a babban sansanin asibitoci na Etaples a Faransa daga 1917 zuwa 1918. Yaƙin ya cinye mata mutum huɗu: wanda aka yi musu baiko, Roland Leighton, a watan Disamba 1915, abokai biyu a 1917, da ƙanenta Edward a Italiya cikin watan Yuni 1918. Littafin bai fito ba sai shekara 15 bayan ƙarewar yaƙin, kuma ta gina shi a kan littafin ajiyar tunaninta da wasiƙun mamatan.

Wannan tazara ta lokaci ita ce ta ba littafin ƙarfinsa, domin muryoyi biyu ke magana a ciki: ta yarinyar da ta shiga aikin tana ganin kowane majinyaci a matsayin masoyinta, da ta matar da ta girma tana duban yarinyar da tausayi. Ta haka mai karatu yake ganin yadda tunani ke sauyawa sannu a hankali, abin da Alcott ba ta daɗe ba balle ta gani, La Motte kuma ta ƙi nunawa.

Inda littafin ya kai ƙololuwa shi ne lokacin da aka tura ta ɗakin fursunonin Jamus masu rauni a Etaples. Nan ta ga kanta tana ƙoƙarin ceton ran mutanen da ƙanenta yake ƙoƙarin kashewa a bakin daga ba da nisa ba. Tambayar La Motte ce ta dawo, amma ta wata ƙofa. La Motte ta ga wautar warkar da mutum don a kashe shi, ta tsaya nan. Brittain ta ga cewa Bajamushe mai mutuwa yana neman ruwa da hannun da zai riƙe kamar yadda Bature ɗan Ingila yake nema, sai ta gane cewa amanar mai jinya tana ga jikin da ke gabanta, ko da wace riga aka kawo shi. Wannan amsa ce, kuma daga aikin hannu ta fito. Bayan 'yan shekaru da fitowar littafin marubuciyar ta shiga sahun masu ƙin yaƙi kowane iri ne.

Akwai kuma wani al'amari da Brittain kaɗai ta fito da shi. A bazarar 1918, Jamusawa na matsowa, asibiti ya cika maƙil, sai mahaifinta ya rubuto cewa mahaifiyarta ba ta da lafiya, ta komo gida ta riƙe musu gida. Ta kuwa komo. Babu uban da zai rubuta wa ɗansa soja irin wannan wasiƙa. Watau al'ummar da ke yabon mai jinya a jarida ba ta ɗauki aikinta da nauyin da ta ɗauki na namiji ba.

Raunin littafin shi ne ƙuncin da'irarsa. Marsiyya ce ta samari huɗu 'yan boko, hafsoshi, 'ya'yan masu hali. Dubban ƙananan sojoji da suka bi ta hannunta da wuya mu ji sunan ɗaya daga cikinsu, kuma ƙwararrun nas-nas da suka riƙe asibitocin sau da yawa sun fito ne a matsayin masu tsanani da takura. A wannan fuska Alcott ta fi ta, domin ita maƙeri ta zaɓa ta yi wa makoki.

6.0 Kammalawa

Idan muka jera littattafan uku a kan ma'aunin da muka kafa, za mu ce Alcott ta nuna aikin ba ta yi tambayar ba, La Motte ta yi tambayar ta bar ta a buɗe, Brittain kuwa ta yi ta, ta kuma nemo amsa. Ta fuskar gwanintar tsara labari La Motte ce kan gaba, domin babu shafin banza a littafinta. Ta fuskar cikar shaida kuwa Brittain muke ba tuta, ko da yake littafinta yana da tsawo da maimaici. Dukansu uku sun yi abin da Longfellow da Hemingway ba su yi ba, watau sun mayar da mai jinya shaida, kuma gani ya kori ji.

Wannan nazari yana da darasi gare mu. Idan muka zo koyar da jigon yaƙi a kwalejojinmu, mukan dogara ga waƙoƙin jihadi na ƙarni na 19, da irin "Maraba da Soja" ta Sa'adu Zungur wadda ya yi don tarbar sojojinmu da suka komo daga Yaƙin Duniya na Biyu, da waƙoƙin zuga na lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Waɗannan duka adabi ne mai daraja, amma ɗalibin da bai ji kome ba sai su zai tashi ya san yaƙi ta bakin mai kirari kaɗai. Alhali kuwa a yaƙin basasar nan mata sun yi jinyar sojoji a asibitoci ta kowane ɓangare, kuma waɗanda suka rage daga cikinsu tsofaffi ne ƙwarai. Muna ba da shawara ga sassan Hausa su tura ɗalibai su ɗauko labarun waɗannan iyaye namu daga bakinsu, a rubuta su kamar yadda suka faɗa, kada a gyara su su dace da yabo. Muna kuma ganin ya dace a fassara wasu daga cikin gajerun labaran La Motte da babin John na Alcott zuwa Hausa, a riƙa karanta su tare da waƙoƙin zuga a aji ɗaya, domin ɗalibi ya auna da kansa.